Jirgin Gigimi a Kasuwar Tasawa

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, wani kamyo ya shigo Tasawa da jirgin ruwa a bayansa.

Kamyon na Alhaji Mahmudu ne. Ya kai hatsin taimako gabas, zai dawo wayam, sai ya tarar tafkin Cadi ya janye daga Gigimi ya bar jirage kwance bisa rairayi ba mai tambayarsu. Ya ɗauko ɗaya na ƙarfe, tsawonsa gaba huɗu, shuɗin fentinsa ya kusa ƙarewa, da inji mai fiston biyu a cikinsa. Ya tsaya da shi a Maine, ya tsaya a Gure, ya tsaya a Damagaram, ba wanda ya taya. Ranar Lahadi aka sauke shi gefen kasuwar bisashe ta Tasawa, mutane suka kewaye shi. Yawancinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce gwiwa ba.

Mutum ɗaya ne a garin ya taɓa sa hannu cikin injin jirgi. Mutari ya yi shekara goma sha ɗaya a bakin ruwan Abijan yana gyaran jiragen masunta, ya dawo da akwatin kayan aiki da ciwon baya. Yanzu yana zama gindin wani itacen bedi kusa da tasha, yana gyaran injin niƙa in an samu abin niƙawa. A nan wansa Yakubu ya same shi da hantsi, yana jan amalanke da farin sa, wani jan sa kuma ɗaure a baya. Matar Yakubu, Hawwa, tana zaune a kai, ta jingina da tanon ruwa, irin duron ƙarfen nan.

"Yaya, sannu da hanya. Ya Inna?"

"Tana nan. Ɗauko kayanka."

"Ka ga mijina na birni," in ji Hawwa. "Wata biyu ba a ga ƙeyarshi ba. Tsoron guga kake, ko tsoron in sa ka ban ruwa?"

"Tsoron bakinki nake."

"Ai bakin ma ya rame."

A hanya Yakubu ya yi masa bayani, a taƙaice kamar yadda ya saba. Garinsu, Kwarin Bintu, tsakanin Baudeta da Kona, rabin gidajensa an toshe ƙofarsu da ƙaya, masu su sun tafi. Waɗanda suka rage, garka ce ta riƙe su. Sun haƙa rijiyoyi a kwarin, ruwa bai yi nisa ba, sun dasa kabeji da dankali da ɗan alkama. Shanun nan biyu ne ke jan ruwan garkar duka. Akwai famfon da wani furoje na masu ba da taimako ya bari tun bara waccan, lafiyarsa lau, amma ba injin da zai juya shi. Alhaji Mahmudu ya ce zai ba da jirgin da injinsa, a ba shi shanun.

"Saura kwana saba'in mu fara ci," in ji Yakubu. "In inji ya kai mu, mun tsira. In ya tsaya a hanya, ba shanu ba inji, sai mu ɗauki Inna mu zo bayan garin nan mu kafa bukkar buhu kamar sauran. Kai ka san abin nan. Abin da ka ce shi za a yi."

Mutari ya taɓa wucewa ta bayan garin. Ya san inda ake nufi.

Alhaji Mahmudu ya tarbe su da fara'a, babban mutum mai ƙaramar murya. Ya ce a ba injiniya hanya ya wuce. Mutari ya hau jirgin, ya durƙusa, bai dubi komi ba tukuna, ya ɗora tafin hannunsa a jikin injin. Lokacin sanyi ne, jirgin kuma na cikin inuwa. Gefen jirgin sanyi ƙalau. Injin da ɗumi.

"Wa ya tada shi da safe?"

"Ni na sa aka ɗan motsa shi, don kada ku sha wahala. In tada maka? Bugu ɗaya ne."

"A'a, Alhaji. Sai ya huce."

"Ya huce? Fura ce?"

Mutane suka yi dariya. Mutari ya sauko ya zauna a ƙasa. Kowane inji yana tashi in da ɗumi a jikinsa. Wanda ya kwana cikin sanyi ne ke faɗin gaskiya.

Suna wannan jira wani soja ya ratso taron, mutane na darewa tun bai iso ba. Sarjan Ɗanbaba ne, wanda aka ɗora wa zagayen garake na yankin. Siriri ne, takalminsa na ƙyalli. Ya gaisa da Alhaji da hannu, ya ɗaga wa Yakubu kai.

"Mai garka, an gama?"

"Ana dubawa, shef."

"A duba da sauri. Nan da sati uku Kumandan zai yi rangadi, garinku na cikin takarda. Na riga na rubuta cewa kuna da famfo mai inji." Ya juyo ga Mutari. "Kai ne ɗan Abijan? Ba ka ji an ce mu dogara da kanmu ba? To ga inji Allah ya kawo har gida."

"Na gani, shef."

Sarjan bai tafi ba. Aka kawo masa kujera.

Sai da rana ta take tsaka Mutari ya koma cikin jirgin. Ya sa maniwel, ƙarfen da ake murɗa injin da shi, ya juya a hankali. Fiston na gaba ya turo hannunsa baya, kamar mai kokawar da bai yarda ba. Ya ƙara juyawa. Na baya ya ɗan turje, sannan ya sake, ya wuce da wani siririn huci da ba wanda ya ji sai shi. Ya sake zagayowa sau uku. Haka dai.

Ya buɗe akwatinsa ya fito da wani abu naɗe cikin tsohuwar safa: agogo mai allura ɗaya da guntun tiyo. Ya kwance bakin da ke fesa man gazuwal a fiston na gaba, ya ɗaura agogon a gurbinsa, ya ce Yakubu ya hau ya murɗa da ƙarfi.

"Mi ke nan kuma?" in ji Alhaji. "Lokaci za ka duba mashi?"

"Numfashinshi nake awo. Iskar da fiston ke matsewa. In ta yi ƙarfi yana da rai."

Allurar ta hau, ta hau, ta tsaya a ashirin da shida. Sabon inji irin wannan talatin yake bayarwa. Ba laifi. Ya mayar da agogon kan fiston na baya. Yakubu ya murɗa har jijiyoyin wuyansa suka fito. Sha bakwai.

Mutari ya cire agogon, ya roƙi cokali wajen mai shayi, ya zuba baƙin mai cokali ɗaya a cikin ramin, ya mayar. In zoben fiston ne suka cinye, man zai toshe su na ɗan lokaci, allurar ta tashi. Wannan da sauƙi, tsufa ne kawai, inji na iya shekara da shi. Yakubu ya sake murɗawa. Sha bakwai. Ko motsi ba ta ƙara ba.

To ba zobe ba ne. Ciwon na sama, a kan injin.

Ya bi jikin injin da ido har ya kai wani ƙaramin murfi na tagulla a gaba. Ya kwance ƙusoshinsa huɗu. A ciki ya kamata a ga wata 'yar ƙafar roba mai fukafukai, wadda ke jawo ruwan tafki ta zagaya da shi cikin injin don ya sha iska. Abin da ya zubo a tafinsa baƙin gari ne da 'yan gutsattsari. Ya shinshina. Ƙauri.

"Alhaji, in kun tada shi, ina yake samun ruwa?"

"Ruwan mi? Ai ba cikin tafki muke ba. Gazuwal yake sha."

"Sau nawa kuka tada shi tun daga Gigimi?"

"Kowace kasuwa mana. Mutane na son ji. A Damagaram sai da ya yi kusan rabin awa yana ruri, wallahi har daga birni aka riƙa zuwa kallo. Fentinshi har hayaƙi yake don ƙarfi."

Da alfahari ya faɗa. Mutari ya dube shi ya ga ba ƙarya a fuskarsa. Ɗumama injin da safe dabara ce ta ɗan kasuwa, wannan kuwa bai ma san ya yi ba. Direbansa bai sani ba, 'yan kallo na kasuwa huɗu ba su sani ba. Ba radiyata a jiki, ba wurin zuba ruwa, sai kowa ya ɗauka ba ya buƙata.

"Ina son tano ɗaya na ruwa," in ji Mutari.

A famfon garin layi ake kwana biyu.

"Ruwa tano guda, a ba ƙarfe?" wani tsoho ya faɗa daga baya. "Ka daɗe a waje, yaro."

"Ga namu," in ji Hawwa. "Na shanu ne. Amma wallahi ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa, ni da kai ne."

Aka ɗora tanon bisa gefen jirgin. Mutari ya zura tiyo daga ciki zuwa mashigar ruwan injin, ya sa wani tiyon a mafita, Hawwa ta tara babban kwano, mata biyu suka tsaya bayanta da nasu. Ya mayar da komi wurinsa, ya ɗaga ɗan hannun da ke sassauta matsi, ya murɗa, ya murɗa, ya sake shi. Injin ya yi tari ya mutu. Sai a karo na biyar ya kama, da fiston ɗaya tukuna, yana ɗingishi, jirgin duka na rawa. Can na bayan ya shigo. Ƙarar ta daidaita. Yara suka yi ihu, Alhaji ya buɗe hannuwa yana duban Sarjan.

Mutari kwanon Hawwa yake kallo. Ruwan na fitowa da tsatsa, sannan ya washe. Da injin ya fara zafi sai ga kumfa, ƙanana, a jere, ba yankewa. Ya zaga baya ya tara hannu a bututun hayaƙi. Hayaƙin fari ne, ya bar masa laima a tafi. Ya bar shi ya yi minti ashirin, matan na musayar kwanoni suna mayar da ruwan cikin tano, sannan ya kashe. Ya zaro siririn ƙarfen duba mai. Da safe man baƙi ne wuluk. Yanzu a bakin ƙarfen akwai wani toka-toka, kamar an ɗiga nono a ciki.

Ya goge shi a wandonsa kafin wani ya gani. Ba a kushe kayan mutum a gabansa cikin taro.

"Yaya, zo mu ga shanun nan."

Suka koma bayan amalanke. Hawwa ta kawo ruwan ɗumin ta aje. Farin san ya sa baki. Jan ya shinshina ya kau da kai.

"Kada ka saya," in ji Mutari. "Sun dafa shi. Kanshi ya tsage, ko kuma abin da ke tsakanin kai da jiki ya ƙone. Wuta na shiga hanyar ruwa, ruwa na shiga cikin mai. Da iyaka buɗe take, in je Katsina in nemo kayan. Iyaka rufe. Ko a Maraɗi ba mai kayan injin jirgi."

"Zai yi aiki?"

"Zai yi. Har ranar da zai daina."

"Yaushe ke nan?"

"In ni ke riƙe da shi, ana lallaɓa shi, rabin gudu, safe da yamma, yana iya wata biyu. Yana iya sati biyu. In aka buɗe mashi wuta duka, awa ɗaya ta yi yawa. Ka riƙe shanunka, Yaya. Su aƙalla mun san su."

Yakubu ya kama hannun ƙanensa ya ɗora a kan ƙugun jan san, ya danna. Hannun ya nutse. Ƙarƙashin fatar ba nama, ciki ne kawai ya kumbura.

"Kanwa na ba shi tun asuba, ya sha ruwa ya cika," in ji Yakubu a hankali. "Kwana takwas ke nan ba ya tashi da kanshi. Mutum huɗu, da sanduna ƙarƙashin ciki. Jiya a Kona muka kwana, ban bar shi ya kwanta ba. Farin ma ya fara haɗa gwiwa in guga ta cika. Jinkar gidajen da aka bari muke yaye musu, ita ma ta ƙare. Ka san naka, na san nawa. Wannan ba ya kai Juma'a biyu."

Mutari ya janye hannunsa. Tun safe yana tare da san, bai dube shi ba.

"A ba shi jan, a riƙe farin."

"Na gwada. Ya ce biyu ko babu."

"Kun gama shawarar?" Muryar Sarjan ce daga kujerarsa. "Ni ina da wani garin."

"Sai ka bar gindin bedin nan ka dawo gida," in ji Yakubu. "Ba wanda zai taɓa shi sai kai."

Suka dawo. Mutari ya ce injin na da ciwo, bai faɗi wane ba, ya ce sai an haɗa musu da galan biyu na baƙin mai da rabin tano na gazuwal, kuma kamyon ya kai jirgin har kwarin. Alhaji ya yi ƙorafi kaɗan. Ya zagaya shanun, ya tsaya wajen jan, ya dubi cikinsa, ya dubi Yakubu. Shi ma ya san kanwa. Maraɗi zai kai su a yanka, nama dai nama ne.

"Na sallama," in ji shi.

"Allah sa albarka," in ji Yakubu. Ya kwance igiyoyin ya miƙa, bai sake duban wajen ba.

Kwana uku Mutari ya yi yana haɗa abin. Ya ciro injin ya kafa shi bisa guntayen giginya a bakin babbar rijiya, ya haɗa shi da famfon da bel na injin niƙa. Daga bakin famfon ya tsaga ɗan tiyo ya bi ta cikin injin, don kada ya ƙara minti ɗaya ba ruwa. Jirgin kuma aka toshe ramin gindinsa, aka girka shi tsakiyar garka ya zama kwami: famfo na zuba a ciki, mata na ɗiba. Hannun gudun injin ya kai shi rabi, ya ɗaure da waya ninki uku.

Da hantsi injin na yin awa biyu, da la'asar awa ɗaya da rabi. Kowane kwana uku yakan tsiyaye man, ya zuba a tsohuwar tukunya ya ɗora a wuta har ruwan cikinsa ya gama tsartsatsi, ya tace da tsumma ya mayar. Kullum kafin ya tada shi sai ya murɗa da hannu ya ji fiston na bayan. Yana ƙara laushi, amma a hankali. Ya koya wa Hawwa yadda ake kashewa da yadda ake rage gudu, don ita ce ba ta barin garkar.

"Ka fi kula da shi bisa matarka," in ji ta.

"Shi ba ya amsa mani."

"Yana amsawa. Ina jin shi yana zaginka da safe."

Ruwan bai da yawa, rabin bakin tiyo, amma ya fi abin da shanu ke ja. Kabeji ya fara naɗe ganye. Gida biyu da suka tafi Mayahi suka dawo suka cire ƙayar ƙofarsu. Inna ta sa aka kai ta ta ga jirgin, ta taɓa shi, ta ce ashe haka yake, ta koma.

A rana ta ashirin da uku da fara aikin injin aka yi rangadin. Tun safe samari suka share hanya, aka kafa tuta a kan sandar dogon yaro, aka jera mata da kwanonin ban ruwa. Sarjan Ɗanbaba ya riga kowa isowa da sojoji huɗu a bayan wata buɗaɗɗiyar mota. Ya ce kada a tada injin sai an hango ƙurar motoci. Mutari ya ce injin na son a tada shi da wuri ya ɗumama. Sarjan ya ce ya ji.

Motoci biyar suka zo wajen sha ɗaya. Kumandan gajere ne mai farin gilashi, bai cika magana ba. Ya bi layin kabeji, ya tsuguna ya taɓa ƙasa, ya tambayi Yakubu gida nawa ke ci daga nan. Da ya ga jirgin sai ya yi murmushi, ya ce da mai ɗaukar hoto ya zo. Mai hoton ya duba ta cikin na'urarsa, ya ɗago, ya yi wa Sarjan magana a kunne.

Sarjan ya taho bakin rijiya.

"Ruwan nan kamar fitsarin akuya. Ba ya fita a hoto. Ƙara mashi."

"Iyakarshi ke nan, shef."

"Iyakarshi?" Ya nuna wayar da sandarsa. "Wannan fa? Ni ma na yi tuƙi. Kwance."

"Shef, kanshi a tsage yake. In an buɗe shi ba ya kai azahar."

"Kumandan ma ba ya kai azahar a nan. Minti goma ne. Na rubuta famfo mai inji, ba na rubuta buta ba. Kwance, ko in kwance."

Mutari ya dubi inda Kumandan yake. Taku talatin ne. Yana jin Faransanci, yana iya zuwa ya faɗa masa da bakinsa, kuma mutumin bai yi kama da wanda ba zai saurara ba. Ya ɗaga ƙafa ke nan Sarjan ya zaro wuƙa daga ɗamararsa ya sa a wayar. Mutari bai yi shawara ba. Hannunsa ne ya kai, ya riƙe wuyan hannun Sarjan.

Kiɗan samari bai tsaya ba, amma duk wanda ke kusa ya gani. Gindin bindiga ya same shi a haƙarƙari, wani ya same shi a bayan da ke ciwo. Kafin ya gane sama da ƙasa an ja shi ta bayan layin mata, inda Kumandan ba zai gani ba, an jefa shi a bayan motar.

Daga nan ya ji wayar ta tsinke. Injin ya ja numfashi ya hau, ya hau, ya kai wata ƙarar da bai taɓa yi ba a garin. Tiyon ya miƙe ya yi tsalle, ruwa ya fito cike da baki, fari, ya bugi cikin jirgin ya fantsama sama. Mata suka rangaɗa guɗa. Ba umurtarsu aka yi ba, da gaske suke. Wasunsu shekara biyu ba su ga ruwa na gudu haka ba. Mai hoto ya ɗauka, ya canza wuri ya ƙara ɗauka. Kumandan ya tafa sau uku.

A ƙarƙashin guɗar Mutari na jin wani abu, ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga fiston na baya.

Aka yi jawabi. Mai gari ya yi godiya, aka fassara, shugaban samari ya yi nasa. Minti goman ya zama ashirin. Da Kumandan ya nufi motarsa, Sarjan ya tsaya gaban injin ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Yadda na bar shi haka za a bar shi. Kumandan na son jin shi har ya hau tudu. Wanda ya taɓa, ga wuri nan kusa da ɗan'uwanshi."

Ya bar soja ɗaya a wurin, ya ce mota ta ƙarshe ta ɗauko shi. Ya shiga gaban motar da Mutari ke ciki. Motar ta tashi.

"Hawwa!" Mutari ya yi kira, haƙarƙarinsa na suka. "Ja shi baya! Rabi!"

Sojan da ke kusa da shi ya taka masa ƙafa. Amma ta ji. Ya ga ta aje kwanonta ta nufi rijiyar. Ya ga Yakubu ya sha gabanta ya kama hannunta, yana duban sojan da aka bari, sojan kuma na duban su, bindiga rataye a kafaɗa. Ta fizge. Yakubu ya sake kamawa da hannu biyu. Sauran mutanen garin na tsaye inda aka jera su. Sai hanya ta karya, itatuwan dargaza suka rufe su.

Ƙarar ta biyo motar. A rairayi motoci ba sa sauri, kuma iska daga kwarin take busowa. Mutari ya kwantar da kansa a jikin ƙarfen motar yana saurare. Ya ce a ransa, motar ƙarshe ta tashi yanzu. Yanzu sojan ya hau. Yanzu Yaya zai sake ta. Taku goma ne daga inda take.

Sun kai rabin tudun ƙarar ta canza. Injin da aka rage wa gudu sauka yake a hankali, kamar mai sauke kaya. Wannan bai sauka ba. Ya yi wata ƙara mai kauri sau biyu, sai ƙarfe ya daki ƙarfe, sai shiru.

Sarjan ya leƙo ta taga.

"Ka gani? Sun kashe abinsu lafiya lau. Duk ka tada hankalin mutane a banza."

Mutari ya san ba kashe shi aka yi ba. Saura kwana arba'in da huɗu kabeji ya yi. Motar ta gama hawa tudun ta miƙi hanyar Tasawa.